Zinare a Cikin Tanadin Ritaya: Yadda Miji da Mata Za Su Daidaita

Lacca ga ma'aikata masu shirin ajiye aiki da iyalansu, a Zadawa

 



Batun da aka ɗora mini tambaya biyu ce a haɗe. Ta farko ta kuɗi ce: ya dace mutum ya juya wani abu daga kuɗin sallamarsa zuwa zinare? Ta biyu ta zaman aure ce: idan ɗaya ya ga dacewar haka, ɗaya kuma ya ce bai yarda ba, yaya za a yi? Zan faɗi matsayina tun yanzu, don kowa ya san inda na dosa. Ya dace zinare ya samu gurbi a tanadin tsufa, amma ƙaramin gurbi. Mai shakka kuma, miji ne ko mata, yawanci da gaskiyarsa. Ba a kayar da shi da baki. Kowace shakka da ya kawo sharaɗi ce da ya kamata a cika kafin a fitar da ko sisi.

Abin da ya tayar da maganar

Wanda zai cika shekara 35 a bakin aiki a wannan tsakanin ya kama aiki ne 'yan shekaru bayan 1986, shekarar da gwamnatin Janar Babangida ta fara karya darajar naira a ƙarƙashin shirin SAP. Kafin nan naira ta fi dala ƙarfi. Ke nan tun albashinsa na farko yake karɓar kuɗin da ke raguwa a hannu. A 2015 ana canjin dala a wajen naira 200 a farashin gwamnati. A farkon 2023 tana wajen 460. Zuwa ƙarshen 2024 ta haura 1,500. Litar fetur da aka sha a naira 87 a 2015 ta wuce 1,000 a ƙarshen 2024, kuma a watan Disamban wannan shekara Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta ce hauhawar farashi ta kai kashi 34.8 cikin ɗari.

Mai albashi yana da ƙungiyar da za ta yi masa faɗa. Mafi ƙarancin albashi ya tashi daga naira 18,000 zuwa 30,000 a 2019, ya koma 70,000 a 2024. Bai kamo kasuwa ba, amma ya motsa. Giratuti kuwa sau ɗaya ake ba mutum a rayuwarsa, a wurare da dama ma sai bayan dogon jira, kuma babu wanda zai zo bayan shekara biyar ya ce ga ciko tunda buhun gero ya tashi. Waɗanda ke tsarin fansho na karo-karo, wanda dokar 2004 ta kafa aka kuma gyara a 2014, su ma dunƙulen da ake ba su ranar sallama sau ɗaya ne. A kan wannan dunƙulen nake magana, da ɗan abin da mutum ya tara a gefe. Fanshon wata-wata na cefane ne, kada a taɓa shi.

Abin da zinare ke yi, da abin da ba ya yi

Mu yi lissafi tare. A tsakiyar 2015 ana sayar da oza ɗaya ta zinare, wato giram 31 da ɗan ɗoriya, a wajen dala 1,200 a kasuwar duniya. Idan aka juya da canjin lokacin, giram ɗaya na tsantsar zinare ya kama kimanin naira 7,700. A ƙarshen 2024 oza tana wajen dala 2,600, giram ya kama kimanin naira 128,000. Ninki goma sha shida da wani abu ke nan. Wanda ya ji haka sai ya ce an samu hanyar arziki. To a tsaya a raba lissafin gida biyu. A dala, zinaren ninki biyu ya yi da kaɗan. Sauran duk faɗuwar naira ce, wadda ta kusa ninki takwas. Mai zinaren bai zama attajiri ba. Ya dai tsira daga abin da ya cinye wanda ya bar kuɗinsa a asusu.

Ga misalin da ya fi kusa da zuciyar mai ritaya. Kujerar aikin Hajji a jihohin Arewa ta kusa naira miliyan 3 a 2023, a 2025 kuma ta haura miliyan 8. Wanda ya tara miliyan 3 ya ce bari in jira baɗi, ya ga kujera ta yi masa nisa. Amma idan aka auna kuɗin kujerar da zinare a farashin kasuwa na kowace shekara, a duka biyun kimanin giram 60 ne. Kujerar tana inda take, nairar ce ta zame.

Malamanmu sun daɗe da wannan awon. Duk lokacin da hukumomin zakka suka fitar da sanarwar nisabi, da mafi ƙarancin sadaki, da diyya, da farashin zinare suke lissafi: dinari 20, rubu'in dinari, dinari 1,000. Awon bai sauya ba sama da shekara dubu, adadin nairar ne ke ta hawa. Gwamnatoci ma haka suke kallon abin. Manyan bankunan ƙasashen duniya sun sayi sama da tan 1,000 na zinare a kowace shekara daga 2022 zuwa 2024, kuma a Yulin 2020 Babban Bankin Nijeriya ya sayi dunƙule mai nauyin kilo 12 da rabi, wanda aka haƙo a ƙasar nan, a kan naira miliyan 268.

Saboda haka a ɗauki zinare a matsayin maigadi. Maigadi ba ya noma, ba ya kawo ciniki, har ma ana kashe masa. Aikinsa ka tashi da safe ka tarar da kayanka suna nan. Duk wanda ya shiga ɗaki ya gaya wa iyalinsa cewa zinare zai ninka musu dukiya, ya fara maganar da abin da ba zai iya cikawa ba.

Shakkun da ake faɗa a fili

A ƙasarmu mata sun fi maza sanin gwal. Tun daga lefe suke riƙe shi, sun san na Saudiyya, sun san na Dubai, sun san wanda ke dushewa. Don haka sau da yawa Hajiya ce ke cewa a saya, Malam na cewa wannan ai ado ne kawai. Wani gidan kuma maigida ne ya ji labari a majalisa ya ɗauko, uwargida ta ce ba da ita ba. Ko ta wane ɓangare ta fito, shakkun kusan iri ɗaya ne, kuma ruwa ba ya tsami banza.

Ta farko: "Hajiya, gwal ai ba ya haihuwa." Gaskiya ne, kuma a amsa da cewa gaskiya ne. Saniya tana haihuwa, gona tana ba da gero da wake, shago yana kawo kuɗin haya. Giram ɗari da aka ajiye bana giram ɗari ne bayan shekara goma, in ma bai ragu ba. Zai ragu kuwa idan ya kai nisabi, wato kimanin giram 85, domin za a fitar da kashi biyu da rabi cikin ɗari duk shekara. A nan akwai abin da mutane da yawa ke kuskure. Sun ji cewa a mazhabar Malikiyya babu zakka a kan zinaren da mace ke sawa don ado, sai su zaci duk abin da aka ƙera sarƙa ya kuɓuta. Littattafan mazhabar, irin su Mukhtasar na Shehu Khalil, sun ware wanda aka tanada don ranar buƙata, suka ce shi akwai zakka a kansa, kuma ana haɗa shi da kuɗin hannu wajen cika nisabi. Tanadin ritaya kuwa ranar buƙata ake nufi da shi. A je wa malami da adadin giram da niyyar da aka saya da ita.

To me ya sa za a saya duk da haka? Saboda abin da ke haihuwa yana mutuwa. Dattawan wurin nan sun ga farin 1973, sun ga ciwon bushiya da ya share garake a 1983. A Agustan 2024 ambaliya ta yanke titin Kano zuwa Maiduguri a kusa da Azare, gonaki da yawa suka tafi da ruwa. Ga satar shanu. Ga shi kuma mai shekara 65 ba zai bi garke daji ba, sai ya ba da kiwo, ya zauna jiran labarin da aka ga damar kawo masa. Gona ba ta sayuwa a yini ɗaya, in ka matsu kuma masu saye sun san ka matsu. Ranar da likita a Azare ko Kano ya ce a kawo kuɗin tiyata kafin gobe, zobe ɗaya ko awarwaro ɗaya na iya zama kuɗi kafin la'asar, ba tare da an taɓa sauran ba. Sharaɗin da ya fito daga wannan shakka shi ne: zinare ba zai hau kan gona da kiwo ba, bayansu zai bi.

Ta biyu: "Malam, in ya faɗi fa?" Yana faɗuwa. A Janairun 1980 oza ta kai dala 850, sannan ta yi ta sauka har ta dawo wajen 250 a 1999. Wanda ya saya a ƙololuwar 1980 sai a 2008 ya sake ganin farashinsa, shekara 28. A Satumban 2011 ta kai wajen dala 1,900, zuwa Disamban 2015 ta sauko wajen 1,050, kusan rabi ya tafi. A Maris na 2025 ta haura dala 3,000 a karon farko, a Oktoba ta haura 4,000, kuma irin wannan lokacin ne kowa ke rububin saye, alhali shi ne lokacin da ya fi kamata a yi hattara. Mu nan muna da ƙarin abin lura, domin farashinmu da canjin dala yake tafiya. Daga ƙarshen Fabrairu zuwa tsakiyar Afrilun 2024 dala ta sauko daga sama da naira 1,600 zuwa ƙasa da 1,200, wanda ya saya a Fabrairu ya so sayarwa a Afrilu da asara ya fita. Sharaɗi biyu ke nan: kada a sa kuɗin da za a nema cikin shekara uku zuwa biyar, kuma kada a saya duka rana ɗaya. A rarraba sayen cikin watanni.

Ta uku: "Za a damfare mu." Wanda ya faɗi haka ya tuna MMM da ta rufe da kuɗin mutane a Disamban 2016, da CBEX da ta yi haka a Afrilun 2025. Ka'idar mai sauƙi ce. Duk wanda ya ce ka kawo kuɗi a juya maka a harkar gwal, za ka riƙa karɓar kaza duk wata, ba zinare yake sayar maka ba, tunda mun riga mun yarda zinare ba ya haihuwa. Shari'a ma ta toshe wannan ƙofar: cinikin zinare da kuɗi hannu da hannu ake yi, a karɓi kaya a biya kafin a rabu. Babu saye bashi, babu biya kaɗan-kaɗan kaya na hannun mai shago. Haka nan a nisanci ɗanyen zinare da wani zai kawo a ƙulle a leda ya ce daga wurin haƙa yake, a araha. Ba ka san tsarkinsa ba, ba ka san ta hanyar da ya biyo ba, kuma wannan harkar ce ta jawo gubar dalma da ta kashe ɗaruruwan yara a ƙauyukan Anka da Bukkuyum a Zamfara a 2010. Mai ritaya ba shi da abin yi a can.

Ta huɗu: "Kana so ka jawo mana ɓarayi." Ita ma gaskiya ce, kuma babu amsar da ta gama ta. Abin da za a iya shi ne kame baki. Kada a saya a zo ana nunawa, kada a sa a tafi biki, kada yara da 'yan aiki su san wurin ajiya, kada a tara duka wuri ɗaya. Idan gidan babu tsaro kuma babu amintaccen wurin ajiya, mai shakka ya yi nasara, a haƙura.

Shakkar da ba a faɗa

Yanzu na zo inda gizo ke saƙa. Sau da yawa duk waɗannan huɗun sutura ce, ainihin tambayar da ke zuciya ita ce: wannan zinaren na wane ne?

Iyayenmu mata, ku gafarce ni in faɗi abin da kuka sani. Mata nawa ne aka zo wa da murya mai taushi aka ce, "Hajiya, ara mini sarƙar nan in fita wata kunya, in an yi albashi zan mayar miki da wadda ta fi ta," aka yi albashi ɗari ba a mayar ba? Macen da aka yi wa haka, ko ta ga an yi wa mahaifiyarta, in ka zo mata da maganar tara gwal, abin da take ji shi ne nata ma zai shiga cikin lissafin gida. Wata kuma tsoronta daban ne. Ta ga gidajen da giratuti ya shigo da safe, kafin wata uku an kai kayan lefe wani gida. A wurinta abin da ke saurin zama kuɗi abin tsoro ne, gara a zuba shi a ginin da ba a ɗauka a aljihu.

Maza ma suna da tasu. "In na saya na ba ta ta ajiye, ranar da na nema za ta ce ai kyauta na yi mata." Kuma ba a nan rigimar ta fi muni ba, sai bayan rai ya yi halinsa. Maigida ya sayi sarƙa da awarwaro da niyyar ajiya, ya miƙa wa uwargida ba tare da ya yi bayani ba. Ya rasu. Ta ce kyauta ce, kuma har ga Allah haka ta fahimta. Amarya da 'ya'yan ɗayan ɗakin suka ce dukiyar marigayi ce. Idan kyauta ce, nata ne duka. Idan ajiya ce, ya shiga gado, matan su raba tumuni a tsakaninsu tunda akwai 'ya'ya, sauran na magada. Tazarar da ke tsakanin hukuncin biyu babba ce, wanda zai raba gardamar kuma yana kabari. Zumuncin shekara talatin kan lalace a kan abin da magana ɗaya da takarda ɗaya za su hana.

Maganin wannan a rubuta. Takarda ɗaya, da hannun miji da na mata, da shaidu biyu amintattu. A jera kaya ɗaya bayan ɗaya: sarƙa giram kaza, karat kaza, an saya ranar kaza. A gaban kowanne a rubuta ko na Hajiya ne na kanta, ko kyauta ce aka yi mata ta karɓa, ko ajiyar maigida ce a hannunta, ko na tarayya ne kowa da kasonsa. Abin da ta zo da shi daga gidansu, da na lefenta, da wanda ta saya da kuɗin adashinta ko sana'arta, nata ne, ba ya shiga tanadin gida sai da yardarta, in an ara kuma bashi ne a rubuta shi bashi. Akwai malaman makaranta mata da ma'aikatan jinya a zaman nan, su ma kuɗin sallamarsu nasu ne. Mai mata fiye da ɗaya ya sanar da kowace abin da aka rubuta, ko da bai faɗi wurin ajiya ba, don kada amana ta zama abin zargi. Takardar kuma ita ce ke warware matsalar sirri: duniya ba ta sani ba, amma magada ba za su rasa hanya ba.

A rubuta har da dalilan da za a sayar saboda su: rashin lafiya, karatun yara, aikin Hajji, shekarar da damina ta ƙi. A rubuta cewa ba a sayar da na tarayya sai da sanin juna. Macen da ta ga wannan layin a rubuce ta samu amsar tambayar da kunya ta hana ta yi.

Yadda za a ɗauko maganar

Ba a fafe gora ranar tafiya. Ranar da alat ya shigo, gida cike yake da 'yan taya murna da masu neman rance da masu kawo shawarar kasuwanci, ba ranar nutsuwa ba ce. A fara maganar shekara ɗaya ko biyu kafin ajiye aiki.

Kada a fara da zinare. A zauna da takarda a jera abin da ke gaba: bashin da ke wuya, rufin da ke yoyo, yaran da ba su gama makaranta ba, 'yan matan da za a aurar, abincin shekara, kuɗin magani. Sannan abin da zai riƙa kawo shiga: gona, tumaki da awaki, ɗan shago. A bar wasu kuɗi a hannu na watanni. Sai a tambayi juna: abin da ya rage, wanda ba za mu taɓa ba sai bayan shekaru, a ina za mu sa shi ya tarar da mu da darajarsa? Idan aka biyo ta nan, sau da yawa mai shakkar ne da kansa zai ambaci gwal. Masu ba da shawarar kuɗi a ƙasashen waje sukan ce kashi 5 zuwa 10 cikin ɗari na tanadi. Mu da kuɗinmu ya fi nasu rauni, a ganina mutum na iya kaiwa kashi ɗaya cikin biyar, amma kada ya wuce nan.

Kada a ɗauko aboki ko ƙawa a zo a taru a kan mutum. Kada a ce, "Ke ba ki san tattalin arziki ba," ko "Kai dai ba ka son ka ga na yi ado." Maigida ya tambaya: "Hajiya, ke da kika fi ni sanin abin nan, me kike tsoro a ciki?" Uwargida ta ce: "Malam, ba na sawa nake nufi ba, na ajiya ne, kuma da sunanka za a rubuta." Sannan a saurari amsar har ƙarshe.

A fara da kaɗan, giram biyar ko goma, kuma a tafi kasuwa tare, domin gani ya kori ji. Ko a Azare ne ko a wurin 'yan gwal na kasuwar Sabon Gari a Kano, a nemi mai shago zaunanne wanda aka daɗe da sani. Ku sa ido a kan sikeli, ku ga ya koma sifiri kafin a ɗora kaya. Ku duba hatimin da ke jikin maƙullin sarƙa ko cikin zobe: 750 na nufin karat 18, 875 karat 21, 916 karat 22, tsantsa kuma 999. Hatimi kaɗai bai isa ba, ana buga na ƙarya. Ku ce ya gwada. Zai goga kayan a kan ɗan baƙin dutse har ya bar zane, ya ɗiga ruwan gwaji a kai. In zanen ya tsaya, ya kai karat ɗin da aka ce, in ya ɓace, a mayar masa da kayansa. Sannan ku yi tambayar da ta fi kowace muhimmanci: "In na dawo maka da shi yanzu, nawa za ka saya?" Tazarar da ke tsakanin farashin biyu ita ce asararku ta ranar farko, kuma gara mai shakka ya ji ta da kunnensa.

Wannan tazarar tana faɗaɗa idan kayan mai yawan aiki ne. Kuɗin ƙira ba ya dawowa, duwatsun ado kuma cire su ake yi kafin a auna ranar sayarwa, alhali da nauyinsu aka sayar maka. Don ajiya, a zaɓi mara kwalliya mai karat 21 ko 22, ko ƙananan sanduna masu hatimi da lamba in an samu daga amintaccen wuri. A karɓi rasit mai ɗauke da nauyi da karat da kwanan wata. Wadda ke son sauya tsohon kaya da sabo ta sayar da tsohon ta karɓi kuɗinta, sannan ta sayi sabon, don kauce wa riba a musayar zinare da zinare.

Bayan wata shida ku sake tambayar farashi, ku zauna ku duba tare. In hankali ya kwanta, a ƙara. In bai kwanta ba, a tsaya nan.

In kuma an yi duk wannan, abokin zama ya ce shi dai bai yarda ba? A bari. Wanda kuɗin yake nasa yana da iko da abinsa, amma wanda ya saya a ɓoye ya sayo wa kansa zargi, kuma ranar da jiki ya ƙi, wannan da aka ɓoye wa shi ne mai jinya, shi ne kuma za a aika ya sayar. Akwai gona, akwai kiwo, akwai ajiyar hatsi daga kaka zuwa bazara, duk hanyoyi ne da iyayenmu suka rayu a kansu. Gidan da aka yi shawara aka sayi tumaki ya fi gidan da aka yi gaba aka sayi gwal.

Abin da nake roƙo ku yi a makon nan ba ya buƙatar ko kwabo. Kowane gida a ɗauko takarda a rubuta zinaren da ke cikinsa yau, ko ɗan kunne ɗaya ne, da sunan mai shi, da duk wanda aka taɓa ara ba a mayar ba. Wanda ake bi ya fara biya. Bayan nan ne maganar sabon saye za ta samu mai saurare.

Allah Ya sa mu gama aiki lafiya, Ya sa albarka a cikin abin da za a ba mu, Ya ba mu lafiyar cin sa, Ya zaunar da gidajenmu lafiya.  Ina jiran tambayoyinku, kuma ina roƙon shugaban wannan zama ya fara ba iyayenmu mata dama.